S2F10: Mugun ɗan'uwan iskar da ke tsare layin wuta, take kuma sassaƙa kayan cikin wayarka

Duk mai yawan kallon bidiyon gwaje-gwajen kimiyya a YouTube ko TikTok, da wuya a ce bai taɓa cin karo da wannan ba: mutum ya zuƙi iska daga cikin balan-balan, ya buɗe baki zai yi magana, sai muryarsa ta fito da kauri kamar ta dodo a fim. Sunan iskar da ya zuƙa SF6. Nauyinta ya ninka na iskar da ake shaƙa kusan sau biyar, kuma sauti na tafiya a cikinta a hankali, wajen mita 134 a daƙiƙa maimakon 343, shi ya sa muryar ke sauka ƙasa. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta kama wuta, ba ta da guba. Likitocin ido ma suna ɗura ta a cikin idon mutum bayan wasu nau'o'in tiyata, kamfanin Nike kuma ya daɗe yana cika ƙasan takalmansa na Air da ita kafin ya daina a 2006.

Sai dai wannan iska mai sanyin hali tana da ɗan'uwa na jini, kuma ba halinsu ɗaya ba. Sunansa S2F10. Kayan haɗinsu iri ɗaya ne, amma shi gubarsa ta ninka ta fosjin kusan sau huɗu, wato iskar da ta fi kowace kashe sojoji cikin iskokin gubar da aka yi amfani da su a Yaƙin Duniya na Farko. Ba a buƙatar wani ya shirya shi da gangan. Wutar lantarki ce ke haifar da shi kaɗan-kaɗan a cikin na'urorin da aka cika da SF6.

Me haruffan ke nufi?

S ɗin farar wuta ce, wannan dai da ake sayarwa a kasuwa mai launin ɗorawa, wadda ake sawa a albarushi da magungunan fata. F ɗin kuma fulorin ne. A tsakanin dukkan sinadaran asali babu wanda ya kai shi zafin kai. Kusan duk abin da ya taɓa sai ya ci shi, har da gilashi idan akwai ɗan danshi. Masana da yawa sun jikkata wajen ƙoƙarin ware shi, har sai da Bafaranshe Henri Moissan ya yi nasara a 1886. Shi ne kuma tare da Paul Lebeau suka fara haɗa SF6 a farkon ƙarni na 20. Gishirin fulorin shi ne ake sawa a man goge baki don ƙarfafa haƙori.

Lambobin kuwa ƙidaya ce. SF6 na nufin atam ɗaya na farar wuta da atam shida na fulorin. Yadda suka zauna shi ne sirrin komai: farar wutar tana tsakiya, fulorin ɗaya a samanta, ɗaya a ƙasanta, huɗu sun kewaye ta. Kamar sarki ne a tsakiyar dogarai shida, babu ta inda za a kai gare shi. A lissafin takarda, ruwa ya kamata ya wargaza SF6. A zahiri ba ya iyawa, don ba ya samun ƙofar shiga. Ana iya ajiye ta shekara da shekaru ba ta sauya ba, sai zafi ya haura digiri 500 kafin ta fara warwarewa.

Cire dogarai biyu ka ga yadda labari ke sauyawa. SF4 tana da fulorin huɗu kawai, gefe guda na farar wutar a buɗe yake. Da ta haɗu da danshi nan take take fashewa, ta ba da SO2, iskar nan mai warin ashanar da aka ƙyasta, da kuma HF, asid ɗin da ke cin gilashi, yake ratsa fata har ya kai ƙashi. Akwai wasu ƙananan 'yan gidan, irin su SF2 da S2F2, waɗanda ko zama wuri guda ba sa iya yi, suna rikiɗewa zuwa wani abu daban. S2F10 shi ne mai wuyar sha'ani a gidan, domin ta waje ya yi kama da SF6, ta ciki kuma yana ɗauke da SF4.

Ina ruwan mai waya da wannan?

Babu SF6 a cikin wayarka, kada hankalinka ya tashi. Amma da ita aka ƙera wasu sassanta. Lokacin da ka karkata wayar allon ya juya, ko manhajar motsa jiki ta ƙirga takunka, wata 'yar na'ura ce da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba ke jin motsin. A cikinta akwai 'yan haƙora da sanduna na silikon, sun fi silin gashi siranta, suna lilo idan wayar ta motsa. Babu wuƙar da za ta iya sassaƙa abu mai ƙanƙanta haka. Da iskar gas ake yi.

A shekarun 1990 wasu injiniyoyi biyu na kamfanin Bosch a Jamus, Franz Laermer da Andrea Schilp, suka fito da dabarar da har yau ake kira da sunan kamfanin. Ana sa farantin silikon a cikin rufaffen akwati, a saki SF6, a buga mata lantarki har ta farfashe ta saki fulorin ɗinta. Fulorin ya afka wa silikon ya mayar da shi iska, ramin ya ɗan ƙara zurfi. Sai a tsaya, a saki wata iska mai suna C4F8 ta shafe bangon ramin da wata 'yar leda mai kare shi, sannan a sake sakin SF6 ta ci ƙasan ramin kawai. A maimaita wannan sau ɗaruruwa, sai a sami rami mai zurfi da bango a miƙe. Mai rubuta manhaja zai gane shi nan take: umarni biyu ne ake ta zagayawa a kansu har a kai adadin da ake so.

Amma masana'antar kayan waya ƙaramar mai saye ce. Kusan kashi 80 cikin 100 na SF6 da ake yi a duniya harkar wutar lantarki ce ke shanye shi.

Duk wanda ya taɓa zare filogi ya ga ɗan tartsatsi, ya ga matsalar a ƙaramin sikeli. Lantarki ba ya son a raba shi, yana tsallakawa ta cikin iska ya bi. A gida tartsatsin na mutuwa da kansa. A manyan layukan da ke ɗauke da 132kV ko 330kV, irin waɗanda kamfanin TCN ke amfani da su wajen kai wuta sassan Najeriya, idan aka raba ƙarafa biyu harshen wutar da ke tashi tsakaninsu ya fi na walda nesa ba kusa ba, zafinsa na iya haura digiri 10,000. Idan ba a kashe shi cikin ƙiftawar ido ba, na'urar ta narke. Shi ya sa ake rufe manyan birekoki a cikin tanki cike da SF6. Tana hana lantarki tsallakawa fiye da iskar gama-gari kusan sau biyu da rabi, tana kuma haɗiye 'yan ƙwayoyin lantarkin da ke ciyar da harshen wutar har ya mutu. Ita ce ta sa ake iya cusa tashar wuta guda a cikin gini maimakon fili mai faɗi. Taransifomar da ke bakin layinku kuwa yawanci mai ne a cikinta, ba wannan iska ba.

Inda ake samun kuskuren

Lokacin da harshen wutar ya tashi, SF6 ɗin da ke kusa da shi tarwatsewa take yi. Dogarai su watse, a sami gutsattsari: SF5, SF4, SF2, da fulorin da ke yawo shi kaɗai. Da wurin ya huce, kusan dukkansu sai su koma mazauninsu, SF6 ta dawo kamar ba a yi komai ba. Wannan gyara kai da take yi shi ne babban abin da injiniyoyi ke so game da ita.

Kalmar “kusan” ita ce matsalar. Wasu gutsattsarin kan ci karo da danshi ko iskar oksijin da ta saci hanya ta shiga tankin, su zama SOF2 da SO2F2 da SO2 da HF. Wasu su ci ƙarfen na'urar su bar wani farin gari mai ƙona fata. Wani lokaci kuma SF5, da ta rasa fulorin ɗaya tana neman abin cike gurbin, sai ta ci karo da wata SF5 mai irin matsalarta. Su kama juna ta wurin da kowacce ta rasa dogari, farar wuta da farar wuta. Biyar da biyar goma: S2F10 ke nan.

Masu rubuta manhaja sun san irin wannan ciwon kai. Ba kuskuren da ke kashe manhaja nan take ne ke ba da wahala ba, don shi ana ganinsa. Wanda ke ba da wahala shi ne wanda ke faruwa jefi-jefi, ba ya nuna saƙon komai, yana ajiye ɗan datti a gefe yana taruwa.

Ba a tashar wuta aka fara ganinsa ba. A 1934 ne Kenneth Denbigh, matashin da bai kai shekara 25 ba a lokacin, da malaminsa Robert Whytlaw-Gray a Jami'ar Leeds ta Ingila suka gano shi a cikin ragowar da ke saura bayan an haɗa SF6. Ruwa ne garai marar launi, yana tafasa a digiri 30. Ma'ana a zafin bazara na Kano ko Sakkwato ba zai zauna a matsayin ruwa ba, tururi zai zama.

Igiyar da ke tsakiya

Dalilin rashin zamansa lafiya yana wurin da atam biyun farar wuta suka riƙe juna. Kowanne ɗauke yake da fulorin biyar, kuma fulorin ba ya son kusantar ɗan'uwansa, turo juna suke yi. Ɓangarorin biyu har murɗawa suke yi don dogaran wancan su faɗa a tsakanin dogaran wannan, amma duk da haka cunkoson ya yi yawa. Sakamakon haka igiyar da ke tsakiya ta miƙe. Tsawonta wajen fikomita 227 ne, alhali a farar wuta ta gama-gari tazarar da ke tsakanin atam biyu wajen 205 ce. Fikomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na mita, don haka bambancin kamar ba komai ba ne, amma a wannan duniyar igiyar da ta miƙe haka ta yi rauni. Ƙari a kan haka fulorin goman nan suna janye ƙwayoyin lantarki daga tsakiya zuwa wajensu, su bar igiyar da ɗan abin da ba zai riƙe ta da kyau ba.

A zafin ɗaki yana iya daɗewa a haka. Ruwa ba ya narkar da shi, ba ya kuma cin sa, saboda ta waje har yanzu dogarai ne ke kewaye da shi. Amma da zafi ya kai wajen digiri 150 sai igiyar ta fara tsinkewa. Wajen rabuwar ba a yin raba-daidai. Ɓangare ɗaya ya ƙwace fulorin guda daga ɗayan, ya tafi da shida, ya bar ɗan'uwansa da huɗu:

S2F10 → SF6 + SF4

Ɗaya marar illa, ɗaya mai ƙona huhu. Masana'antun da ke yin SF6 da wannan raunin suke amfani wajen tsabtace hajarsu: su zafafa iskar har S2F10 ɗin da ke ciki ya tsinke, sannan su bi da ita ta cikin ruwan soda irin ta sabulu ya cinye SF4.

Daga nan ne wani abin mamaki ke fitowa. Za ka zaci babban harshen wuta shi ne zai fi haifar da wannan guba. Ba lallai ba, domin zafinsa kan lalata S2F10 ɗin da ya haifar. 'Yan ƙananan tartsatsi marasa zafi sosai, irin waɗanda ke ta ƙyasƙyas a jikin wani tsinin ƙarfe ko wurin da abin kariya ya tsage, su ne ke farfasa SF6 a wuri mai sanyin da gubar za ta iya rayuwa. Irin wannan laifi kuwa na iya ɗaukar watanni na'ura na aiki lafiya ba wanda ya lura.

Gubar da ba ta yin sallama

Yawancin iskoki masu illa suna sanar da zuwansu. Kulorin ko ammoniya, da ka shaƙa idonka zai yi ruwa, maƙogwaro ya yi zafi, ka gudu tun ba a ce ka gudu ba. Hakan na faruwa ne saboda suna narkewa a danshin ido da hanci, su fara ɓarna tun daga bakin ƙofa. S2F10 ba ya narkewa a ruwa, don haka ba ya sa hawaye, ba ya ƙaiƙayin fata. Wucewa yake yi salin-alin har can ƙasan huhu, wurin 'yan jakunkunan da jini ke karɓar oksijin. Abin da masana suka fi rinjaya a kai shi ne a can ne yake tsinkewa, SF4 ta fito ta tarar da danshi ko'ina, ta zama asid. Huhu ya kumbura, ya cika da ruwa da jini. Alamomin kan ɗauki sa'o'i kafin su bayyana, mutum na iya komawa gida yana jin garau. Wannan rashin gargaɗi ne ya sa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka yi nazarin yiwuwar mayar da shi makami.

Lambobin da hukumomin Amurka suka sa sun isa su nuna girman abin. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata, OSHA, ta yarda ma'aikaci ya yini a wurin da SF6 ta kai kashi 1,000 cikin miliyan na iskar wurin. Ga S2F10 iyakar ita ce 0.025 cikin miliyan. Tazarar ninki 40,000 ke nan. Idan kana son ka hango ƙanƙantar 0.025 cikin miliyan, ka ɗauka naira 25 ce a cikin naira biliyan ɗaya. Cibiyar NIOSH kuma ta ce kashi 1 cikin miliyan ya isa ya zama barazana ga rai nan take.

Gano naira 25 a cikin biliyan ba wasa ba ne, musamman idan kuɗin duk kamarsu ɗaya. Na'urar da aka saba amfani da ita wajen tantance sinadari farfasa shi take yi ta auna nauyin gutsattsarin. To S2F10 idan ya farfashe SF5 yake bayarwa, SF6 ma haka, ga shi kuma ita ce ta cika tankin. Masu bincike a cibiyar Oak Ridge da hukumar NIST a Amurka sun shafe shekaru a ƙarshen shekarun 1980 da cikin 1990 suna aiki a kan wannan, har aka sami hanyoyin ware shi da auna shi. A fagen aiki kuwa ba kasafai ake neman sa kai tsaye ba. Ma'aikata kan auna SO2 da danshi, domin idan suka yi yawa alama ce cewa iskar ta lalace. Ana kuma ajiye buhunan sinadari mai tsotsa, irin su alumina, a cikin tankin don su riƙa kama dattin.

Ɗaya matsalar, wadda ta fi girma

Dogaran nan shida da suka sa SF6 ba ta da illa ga jiki su ne suka sa take da illa ga duniya. Idan ta tsere sama babu abin da ke iya cin ta: ba ruwan sama, ba hasken rana, ba tsirrai. An ƙiyasta tana iya kai shekara 3,200 a sararin sama. Kuma gwana ce wajen riƙe zafi. A ƙiyasin da kwamitin IPCC na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi a 2013, kilo ɗaya nata daidai yake da kilo 23,500 na CO2 a tsawon shekara 100, wato kamar hayaƙin lita 10,000 na fetur. Tun 1997 aka sa ta cikin iskoki shida da yarjejeniyar Kyoto ta ce a rage.

Tarayyar Turai ta yi doka a 2024 da ke hana kafa sababbin na'urori masu SF6 mataki-mataki, daga ƙananan da ba su wuce 24kV ba a farkon 2026 har zuwa manyan da suka haura 145kV a 2032, tare da wasu keɓance-keɓance. Kamfanoni sun riga sun fito da madadi. Siemens Energy da Schneider Electric suna sayar da na'urorin da ke kashe tartsatsi a cikin kwalbar da aka zuƙe iskarta gaba ɗaya, su yi kariya da busasshiyar iska. GE da Hitachi Energy sun bi hanyar gauraya CO2 da wani sinadarin fulorin daban.

Ga ƙasashe irin Najeriya da Nijar wannan doka ba ta kawar da komai ba tukuna. Babbar bireka kan yi shekara 30 zuwa 40 tana aiki, don haka wadda aka kafa bana za ta iya kaiwa har jikokin wanda ya kafa ta su fara wayo. Kuma duk wanda ya san yadda tsofaffin motoci da firji da kwamfutocin gwanjo ke kwarara daga Turai, ba sai an faɗa masa inda kayan da aka daina so a can suka saba dosa ba. Sayen na'urar abu ne mai sauƙi. Abin da ake yawan mantawa a kasafi shi ne injin zuƙe iskar a mayar da ita tukunya, da na'urar gwajinta, da horar da wanda zai buɗe tankin. Ƙa'idojin ƙasa da ƙasa irin su IEC 62271-4 da IEC 60480 sun fayyace yadda ake wannan aiki da yadda ake sake amfani da iskar, amma takarda ba ta zuƙe gas.

Waɗanda abin ya fi shafa ba masu karatu a waya ba ne, ma'aikatan gyara ne, da matasan da ke koyon aikin lantarki, da 'yan gwangwan da ke yanka tsofaffin ƙarafa. Na'urar da ke ɗauke da wannan iska yawanci an rubuta SF6 da nauyinta a farantin jikinta, kuma ba abin sa wa zarto ko wutar walda ba ce. Idan aka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai ko na ashana a ɗakin birekoki, ko aka ga farin gari a cikin tanki, fita ake yi a bar wurin ya sha iska, kada a taɓa garin da hannu. Ko da iskar mai tsabta ce, nauyinta kan sa ta kwanta a ramukan waya da ɗakunan ƙasa ta kore oksijin, mutum ya faɗi ba tare da ya ji warin komai ba. Wannan ya shafi masu sha'awar kwaikwayon bidiyon balan-balan ma: iskar ba ta ɗauke da oksijin, wadda aka zuƙo daga tsohuwar na'ura kuwa ba wanda ya san abin da ke cikinta sai an gwada. Wanda ya shaƙi iskar da ta fito daga na'urar da ta yi gobara ko ta fashe, asibiti ya kamata ya nufa ko da yana jin lafiyarsa ƙalau, ya kuma faɗa wa likita sunan iskar da lokacin da ya shaƙe ta, domin a sa ido a kan huhunsa na tsawon yini ɗaya zuwa biyu.